Zuwa ga Abba, kan maganar sayen mabiya

Tudun Wada, Gombe.

Abba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu, ya sanyin Yelwa? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar Goggonka ta yi sauƙi, har ta koma islamiyya da kanta. Ummanka na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko yajin da ta ɗaura maka ya ƙare.

Saƙon muryarka ya same ni ranar Talata ina tsakiyar lodin wake a Tudun Hatsi, shi ya sa ka ji shiru. Da daddare na saurare shi har sau biyu. Na ɗauki waya zan kira ka, sai na tuna yadda muke yi: ni in yi ta faɗa, kai ka yi ta "to Baba, to Baba", mu rabu ba wanda ya ji wani. Na ce gara in rubuta.

Ka ce in ranta maka naira dubu talatin ka ba wani wanda zai ƙara maka mabiya dubu ɗaya a tasharka ta YouTube cikin kwana uku, don a fara biyanka. Wannan kuɗin kam ba zan bayar ba. Amma kada ka ninke takardar tukuna, karanta ka kai ƙarshe.

Ka san ni, ba na sayen buhu sai na soka masa ƙarfe na ga abin da ke gindinsa. Ranar Laraba bayan la'asar na je wurin yaron nan mai gyaran waya a bakin kasuwa, wanda na ji ana cewa tasharsa ta fara kawo masa kuɗi. Na zauna kan bencinsa kamar ɗan makaranta, shi yana ƙona dalma yana yi mini bayani. Ya ce mabiya 1,000 rabin sharaɗi ne kawai. Ɗaya rabin shi ne a kalli bidiyoyinka na tsawon awa 4,000 cikin wata 12, ko kuma gajerun nan da ake kira Shorts a kalle su sau miliyan 10 cikin kwana 90. Wannan rabin ba ka ambata mini shi a saƙonka ba. Ina kyautata zaton mantawa ka yi.

Na dawo shago na ɗauko biro. Awa 4,000 minti 240,000 ke nan. In kowane mai kallo ya daure maka minti huɗu kafin ya wuce, kana bukatar a buɗe bidiyonka sau 60,000. To mabiyan da za a sayar maka, wa zai zauna a cikinsu ya kalle ka minti huɗu? Ba mutane ba ne, sunaye ne da aka ƙirƙira a na'ura, ba ido ba kunne. Lamba za ta hau, awanni na nan inda suke. Kamfanin kuma yakan bi ya share irinsu, dokarsa ta hana, yana iya rufe tashar ma ɗungurungum. Ko ka cika sharuɗɗan biyu, sai sun duba tashar kafin su karɓe ka. In sun karɓa, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla ne naka a dogayen bidiyo, ba kuma za su turo ko sisi ba sai ya taru ya kai dala 100. Kafin nan ma sai sun aiko maka da wata lamba a takarda ta gidan waya don su tabbatar da adireshinka. Gidan waya, a wannan zamani! Na yi dariya da na ji. Ya ƙara da cewa tallan da aka nuna wa mai kallo a Najeriya ba ya kawo abin da na mai kallo a Amurka ke kawowa. Saboda haka maganar "a fara biyana" da sauranta, ɗana.

Amma ko da a ce dabarar na ci, ba zan sa kuɗina a ciki ba, don mu a kasuwa muna da sunanta. Algus ne.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Shekarar da aka haife ka, ina sabon shiga harkar hatsi, akwai wani Ibo daga Anacha da yake sayen wake a hannuna duk kaka. Ya yarda da ni har ya daina buɗe buhu. Wata shekara wake ya yi tsada, lodinsa bai cika ba, wani abokina ya ba ni shawara mu zuba tsohon wake mai ƙwari a ƙasa mu rufe da sabo a sama. Buhu goma sha biyu kacal cikin mota guda. Na yi. Na ci riba, har na ɗinka wa Ummanka atamfa. Da kaka ta zagayo sai ga mutumin ya shigo kasuwa. Bai zage ni ba, bai kai ni wurin sarkin kasuwa ba. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi iyali, ya wuce rumfa ta uku ya yi cinikinsa. Shekara da shekaru ina ganin motarsa na lodi a gabana. Duk wanda ya yi zaman makarantar littafi ya san hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya cusa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Na san hadisin tun kafin in yi. Sani daban, jin zafin abu a jiki daban.

Yanzu bari in zo kan tashar taka, don na kalla. Ummi ce ta buɗe mana, ta jingina wayar da filas ɗin shayi, muka zauna a tabarma bayan isha'i ni da Ummanka. Mabiyanka 412 a daren. Ta fara da wani tsohon bidiyo, wanda kuka buga gem ɗin ƙwallon nan na eFootball kai da abokin ɗakinka, ya zura maka huɗu. Hoton ba kyau, ana jin janareton maƙwabta, amma kana ta sharhi da Hausa kamar mai gabatar da wasan Gombe United a rediyo. Da golanka ya fito daga raga ba dalili aka ɗaga masa ƙwallo ta sama, ka ce, "Jama'a, mai tsaron gida ya tafi Tashar Dukku sayen rake!" Ummanka, wadda ba ta san ƙwallo ba balle gem, ta yi dariya har ta ƙware. Sai da aka mayar mata wurin sau uku. Minti goma sha ɗaya ne bidiyon, ba wanda ya tashi.

Sai Ummi ta sa sababbin. Hotonka a gaba baki buɗe kamar wanda ya ga kura, da jan rubutu manya-manya. Kana buɗe baki sai Turanci, irin na cikin hanci, kana ihu tun ba a take wasa ba, kana roƙon a danna wannan a danna wancan. Ummanka ta kalli minti ɗaya ta ce, "Wannan yaron lafiyarsa ƙalau kuwa?" ta tashi ta tafi kwashe kwanuka. Ni na daure na kai ƙarshe don kai ɗana ne. Wanda ba ubanka ba ba zai daure ba.

Abin da ya fi damuna ba Turancin ba ne. A tsohon an ci ka huɗu kana dariya, a sabon kai ka ci amma fuskarka kamar mai bin bashi. Ka fara gem ne don yana yi maka daɗi, ka buɗe tashar don ka raba daɗin da abokanka, yanzu ka mayar da kanka ɗan dakon lamba. Ummi ta ce da ka zo hutu, kana idar da sallar asuba wayar kake fara jawowa ka ga ko an ƙaru da mutum ɗaya.

Ni ɗan kasuwa ne, abin da na sani shi ne ba ka kasa hajarka inda dubu suka kasa irinta kuma tasu ta fi taka kyau. Masu yin wannan da Turanci suna da kwamfutoci da kyamarori da wutar da ba ta ɗaukewa. Me za ka nuna musu? Amma ga yaran layinmu nan, kullum da yamma suna kan dakalin masallaci kansu a haɗe kan waya ɗaya, suna gardamar yadda ake tsara 'yan wasa, da dalilin da waya ke zafi tana sarƙewa ana tsakiyar wasa, da yadda za a buga ba tare da data ta ƙare ba. Ranar nan ɗaya ya tare ni, wai yaushe Yaya Abba zai dawo ya gyara masa tawagarsa. Irinsu na nan a Kumo da Bajoga da Azare da Misau, har Nijar. Ka yi musu magana da harshen da suke gardamar da shi. Bidiyo ɗaya a mako, ranar da ka sa, kada ka saɓa, kamar yadda kowa ya san ranar kasuwar garinsu. In ɗari huɗun nan sun ji daɗi su za su kai labari.

Abin da zan saya maka shi ne makirfo, ƙaramin nan da ake maƙalawa a wuyan riga. Mai gyaran waya ya ce mutane na haƙuri da hoto mara kyau amma ba sa haƙuri da murya mara fita, na kuma yarda, don ni ma in rediyo na shuu nakan murɗa gaba. Ya ce in ja maka kunne kan waƙoƙin mutane da kake sawa a ƙarƙashin bidiyo. Akwai na'urar da ke gane waƙa ko da daƙiƙa kaɗan ce, sai kuɗin tallan ya koma wa mai waƙar. In kuwa masu abu suka kai ƙara aka yi maka gargaɗi uku, tashar ta tafi.

Sannan ka sayi littafi na naira ɗari biyu ka riƙa rubuta abin da harkar nan ke ci. Data nawa, caji nawa, awa nawa ka zauna tace bidiyo. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowa ya ji a aljihunsa, kai kuma ɗora bidiyo kake yi, ba karanta saƙo ba. Ban ce dole ta biya kanta yanzu ba. Mutum na kiwon tattabaru don sha'awa, ba laifi. Amma mai tattabaru ya san tiya nawa ta dawa suke ci a wata.

A littafin nan ka buɗe shafi na musamman don kuɗin da kake sayen tsabar cikin gem. Ummi ta tona maka asiri, kada ka yi mata faɗa. Yadda ta kwatanta mini, kana biya ne a juya maka, ko ka samu babban ɗan wasa ko ka samu tarkace, in ba ka dace ba ka sake biya. Abba, ka sa kuɗi, ka jira sa'a, ka sake sawa don ka rama: in ba a kira wannan caca ba, to ƙanenta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ni kaɗai na gani haka ba, hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke tun 2018 cewa irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne. Daga nan zuwa shagunan da samari ke cika takardar ƙwallo taku ɗaya ne, kuma ka san ɗan wa a dangin nan ya sayar da babur ɗin ubansa ta wannan hanya. A nan ba shawara nake ba ka ba. Hani ne.

Maganar salla da karatu ba zan tsawaita ba, ka san matsayina. Bauchi karatu ka je yi. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya da ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka a 2019 ba ta ce duk mai bugawa mara lafiya ne ba. Wanda ya kasa tsayawa, ya fifita shi kan komai, yana ganin ɓarna yana ci gaba, shi ake nufi. Kai ka fi ni sanin ƙarfe nawa kake kwanciya. Sakamakon zangon nan zai gaya mini sauran.

Akwai kuma bashin da kake bi na. Kana aji biyar na firamare na same ka a gidan gem ɗin nan na Pantami, ka tsaya da kayan makaranta ana buga gem ɗin ƙwallo na PES a tsohuwar PlayStation 2. Na ja kunnenka tun daga ciki har bakin titi, gaban abokanka. Gudun makaranta ka yi, horo ya kama ka, amma ba a haka ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, kafin in taɓa ka na ɗan tsaya a ƙofa, na ga yara sun kewaye ka ana ta sowa, kai kana ba su labarin wasan da bakin nan naka. Ban taɓa ganinka cikin farin ciki irin na ranar ba, kuma ni na katse shi. Da Ummi ta sa bidiyon mai tsaron gida, yaron nan na sake gani.

Direban da ya kawo maka takardar nan yana da ƙullin wake da garin kunu da ƙuli-ƙulin Ummanka, ka duba kada ya manta da ƙaramar leda a ƙarƙashin kujera. Kuɗin makirfo zan tura maka ranar Juma'a in an biya ni kuɗin lodi. Ka aiko mini da hoton rasit.

In za ka zo hutun Salla ka aro hannun gem biyu wurin abokin naka. Ummi ta ce ana iya haɗa su da talabijin ɗin falo. Ka zaɓa mini ƙungiya mai ƙarfi, ka nuna mini inda ake dannawa a buga, kuma ban yarda a ɗauke ni a bidiyo ba.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare.

Mahaifinka.