Zuwa ga Ummi, akan mikroskop ɗin labonku

Assalamu alaikum Ummi, ya Ngaundere ya ruwa? Mu nan Garwa lafiya lau sai zafi. Mamanki tace an fara barinku ku zauna gaban mikroskop, na'urar ganin ƙananan abubuwa, a wajen istaj, wato koyon aiki a labo, ɗakin gwaje-gwaje, toh shine nace bari in rubuto miki, don maganar nan in a waya ce rabi zaki riƙe.

Abinda nake so dake shine ki san na'urar nan ciki da waje tun kafin a baki takarda ki fara rubuta sakamakon jinin mutane. Kuma hanya mafi sauƙi ki bi hasken daga ƙasa har ya iso idonki. Fitila tana ƙasa, namu na da madubi ne muke juyawa ya kamo hasken taga, har yanzu ma a ƙauyen da babu wuta shi ake so. Daga nan hasken ya shiga kondansa, gilashin dake tattaro shi ya kai shi daidai kan lam, wato ɗan gilashin da ake sa jini ko fitsari a kai, a jikinsa kuma akwai diyafiram da ake buɗewa ana tsukewa. Wallahi yawancin ɗalibai basa taɓa waɗannan biyun, yadda suka tarar haka suke bari, alhali rabin aikin anan yake. In fitsari ko bayan gida kike dubawa wanda ba'a rina ba, ki tsuke diyafiram ki rage haske, in ba haka ba ƙwan tsargiya zai ɓace miki cikin fari fat, kuma kinsan yadda ciwon nan yake damun yaran bakin Binuwai da wajen Lagdo. In jini ne da aka rina da Giemsa, ki ɗaga kondansa sama ki buɗe diyafiram sosai.

Farantin da ake ɗora lam da maƙallinsa ba sai na faɗa miki ba, kawai ki tuna hoton a juye yake zuwa, in kin tura lam dama zaki ga yayi hagu, hannu zai saba.

Sai objektif, wato gilashin ƙara girma dake kusa da lam, guda 4 ne a jikin abin juyawa, masu ƙara girma sau 4, 10, 40 da 100. Okiler da kike sa ido yawanci 10 ne, sai ki ninka, 10 sau 40 ya zama 400, 10 sau 100 ya zama 1000. Amma objektif shine mai aikin gaske, okiler ƙara girman abinda aka miƙo masa kawai yakeyi, abinda objektif bai kamo ba bazai ƙirƙiro miki ba. Kuma na'urar tana da iyaka, abubuwa biyu da tazararsu bata kai wajen 0.2 mikron ba (mikron 1000 ne milimita ɗaya) sai su haɗe su zama ɗaya. Jar ƙwayar jini wajen mikron 7 ce shiyasa kike ganin ƙwayar palu, wato zazzaɓin cizon sauro, a cikinta, amma ƙwayar sida bazaki taɓa ganinta da wannan ba ko waye yace miki.

Maganar mai kuma dan Allah ki riƙe ta da kyau. Haske in ya fito daga gilashi ya shiga iska lanƙwasa yakeyi ya baje, shi kuwa man da ake ɗigawa yana lanƙwasa haske kusan daidai da gilashi, sai hasken ya wuce kai tsaye cikin objektif. Ɗigo ɗaya, akan 100 kaɗai. In kika bari 40 ya shafi mai kika barshi ya kwana, gani zai dawo kamar hazon hunturu, kuma kuɗinsa ba wasa bane. Ki fara da 10 ki nemo wurin da babban maɓallin daidaita gani, daga 40 zuwa sama ƙaramin kaɗai zaki taɓa, don a 100 tsakanin gilashi da lam ko rabin milimita bai kai ba. Lokacin da kike kusanto su ki leƙa ta gefe, kar ido yana okiler hannu yana murɗawa, haka ake fasa lam a ce uwa ta sake kawo yaro a tsikare shi.

Naji kince naku tsoho ne. Ummi, Laveran likitan sojan Faransa a 1880 ya fara ganin ƙwayar palu a Konstantin ta Aljeriya, cikin ɗanyen jini ko rini babu, da na'urar da bata kai taku ba. Zama yayi ya duba. Kema in kika ɗora gut epes, wato ɗigon jini mai kauri na gwajin palu, kar ki leƙa fili biyar (fili shine da'irar da kike gani a okiler) kice babu, ki bi aƙalla 100 kafin ki rubuta, ko da layi ya kai ƙofa kuma ana miki tsawa. Idonki biyu a buɗe, ki gyara faɗin okiler daidai fuskarki in ba haka ba ciwon kai zai sa ki gaggawa. Abinda baki gane ba ki kira babba ya gani, ba abin kunya bane.

In an tashi ki goge man da takardar gilashi, banda bakin hijabi banda auduga mai datti, ki maida ƙaramin objektif, ki rage fitila kafin ki kashe sannan ki rufe. Mu nan ƙura ce matsalarmu, ku kuma da damina laima ce, fumfuna takan fito a cikin gilashi ta cinye shi, don haka ki tambaya ko suna da kabad busasshe da ake ajiyewa. Ɗauka kuma hannu biyu, ɗaya a wuyansa ɗaya a ƙasa.

Ki gaida Goggonki da yaran gidan, kice ina nan tafe bayan sallah in Allah ya yarda. Allah ya miki albarka ya bada sa'a.

Babanki