Zaman koyon saka bayanai a IMFDB ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Maganar da muka daɗe muna yi ta tabbata. In Allah ya kai mu Asabar, bayan sallar la'asar, za mu haɗu a shagon da muka saba zama a Samaru, Zariya, domin koyon saka bayanai a IMFDB, kundin da masu kallo ke tattara bindigogin da ke fitowa a fina-finai da shirye-shiryen talabijin.

Abin da ya sa na dage shi ne, mu duk bindiga mai lanƙwasasshen gidan harsashi AK-47 muke ce mata. A can kuwa sai an tantance. AKM ta 1959 bakinta a sassabe yake, Type 56 ta Chaina kuma zoben saitinta na gaba a rufe yake ruf. Irin wannan lura nake so idonmu ya saba da ita, kada mu riƙa rubuta abin da wani zai zo ya goge.

Don Allah kowa ya buɗe akawun tun daga gida. A zo da waya ko kwamfuta da caji, da hoto uku da aka ɗauko daga shiri ɗaya, masu haske, a rubuta zango da kashi da minti. Bindigar da ba ka gane ba, ka bar ta mu duba tare, ban da cinke.

Naira 500 kowa, na data da man janareto. Mutanen Kongo da Tudun Wada, a fito da wuri.

Mai zuwa ya amsa nan kafin Juma'a. Allah ya bar zumunci.

Naku,
mai kula da rukuni