Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu

Mai girma Shugaban Ƙasa,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne game da mulkin farar hula da muke riƙe da shi tun 1999, da kuma yunwar da nake ganin tana zagon ƙasa gare shi.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin abin da ya faru ranar 31 ga Disamba, 1983. Sojoji sun hamɓarar da Alhaji Shehu Shagari watanni kaɗan bayan ya sake cin zaɓe, kuma talakawa ba su fito kare gwamnatinsa ba, domin faɗuwar farashin ɗanyen mai da tsuke bakin aljihu sun riga sun sa shinkafa da madara da sabulu sun gagari mai ƙaramin ƙarfi. A Yamai ma, a Yulin 2023, mun ga jama'a suna yi wa masu juyin mulki tafi.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da ka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a 2024, alhali tun a 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da ka sanya wa hannu abin yabo ne, sai dai manomi da ɗan acaɓa da mai tallar goro ba sa karɓar albashi. Lokacin da matasan Kano suka ɗaga tutar Rasha a zanga-zangar Agustan 2024, ban yi tsammanin yawancinsu sun san inda Mosko take ba. Cikinsu ne ya yi magana. Kuma mutumin da ya kwana bai ci ba, shi ne ake sayen ƙuri'arsa da taliya da sabulu, ko ya ƙi fita gaba ɗaya, kamar yadda kusan kashi 27 cikin 100 kaɗai na masu rajista suka fita a zaɓen 2023.

Roƙona shi ne ka tsaya tsayin daka a aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, domin makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi su farfaɗo, sannan a tsare hanyar gona a Zamfara da Katsina kafin damina ta sauka.

Naka mai biyayya,
Wani malamin makaranta daga Kano