Tarihin gidajen abincin Kano bai fara da otal-otal ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi gyara a kan wata magana da nake yawan ji a bakin matasa, wai Turawa da Kwarori ne suka kawo sana'ar sayar da dafaffen abinci a Kano. Abin da suka kawo shi ne tebur da kujera da takardar jerin abinci, amma ita sana'ar sun zo sun tarar da ita da furfurarta.

Tun da aka kafa Kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, birnin bai rabu da baƙi ba, kuma duk inda fatake suka sauke kaya dole a ɗora tukunya. Fatoma shi ne mai ba su masauki, ya ciyar da su, ya kuma haɗa su da dillalai. Sunan unguwar Alfindiki ma daga kalmar Larabci mai nufin masaukin baƙi ya samo asali. Da Baturen nan Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga masu gashi kusa da mahauta sun kewaye wuta da tsinkayen nama, tsoka da kitse a jere, wato dai tsiren da muke ci har gobe. Gurasar da Jakara ta yi suna da ita kuwa gadon zama da Larabawa ce, kuma duk wanda ya taɓa cin bandashe da ƙuli da man gyaɗa ya san Kanawa sun mayar da ita tasu.

Dalilin da ya sa ba a gina ɗakunan cin abinci a cikin birni da wuri ba yana cikin al'adarmu. A da abin kunya ne a ga magidanci yana cin tuwo a kasuwa, domin za a ce gidansa ba lafiya. Maza ciyayya suke yi a zaure ko a ƙofar gida, kowa a fito da kwanonsa, su kuma matan kulle su dafa waina da ɗanwake da alkaki su ɗora wa yara talla. Saboda haka 'yan tuwo-tuwo suka zama na gwauro da ɗan dako da matafiyi, aka riƙa yi musu kallon raini, alhali su ne suka riƙe cikin rabin kasuwa.

Isowar jirgin ƙasa a 1911 ita ce ta sauya lamarin. Ma'aikata daga Kudu suka cika Sabon Gari, suka buɗe bukoki na sakwara da teba, cinikin gyaɗa ya jawo Kwarori da nasu girkin, daga baya manyan otal irin su Central da Daula suka zama wurin cin abincin manyan ma'aikata. Yau kuwa shawarma ta kai har lungu, kuma magidanci yana kai iyalinsa gidan abinci ba wanda zai ɗaga ido ya dube shi.

Damuwata ita ce, tarihin otal yana cikin takardu, amma na mai koko da mai fura da mai shayin bakin tasha yana cikin kawunan tsofaffi ne kawai, su kuwa kullum raguwa suke yi. Ina kira ga Sashen Tarihi na Jami'ar Bayero da hukumar Gidan Makama da su tura ɗalibai Jakara da Kurmi da Fagge da Sabon Gari, su zauna da waɗannan iyaye namu, su naɗi bayaninsu a kan wanda ya koya musu sana'ar, da nawa suke sayar da malmala, da irin mutanen da suke ciyarwa.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karatu daga Ƙofar Wambai, Kano