Taron Ministoci Kaɗai Ba Zai Tare Bindiga A Iyaka Ba

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi tsokaci kan ƙoƙarin da ake yi tsakanin Abuja da Yamai na toshe hanyoyin da 'yan bindiga ke samun tallafi daga ƙetare.

Jihar Kaduna ba ta da iyaka da Nijar, amma harsashin da ake harbawa a Birnin Gwari da Giwa da Chikun yakan ratso dazukan Zamfara da Rugu ne kafin ya iso dajin Kamuku. Iyakar nan kuwa kimanin kilomita 1,500 ce, mai safarar makamai kuma ba ya bin ƙofar Jibiya ko Illela. Hanyar babur yake bi, bindiga biyu ko uku a ƙunshe cikin buhun hatsi, daga hannu zuwa hannu, kowane ɗan dako bai san na gaba da shi ba.

An yi zaman tattaunawa, ba a ce ba a yi ba. A 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun zauna da gwamnan Maraɗi. A watan Agustan 2024 Janar Christopher Musa, babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, ya je Yamai, Ministan Harkokin Waje na lokacin Yusuf Tuggar ma ya bi sahu a Afrilun 2025. Matsalar ita ce abin da aka sa wa hannu ba ya sauka ƙasa.

Ga inda gizo ke saƙar. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai ce ta wajabta wa ƙasashe buga lamba a jikin bindiga da taimaka wa juna wajen bin diddiginta. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ta kuma janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a watan Maris. Abin da ya rage a hannu shi ne Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai. Ita ya kamata a ɗora wa aikin, a rubuce, dalla-dalla.

Na farko, izinin bin sawu. Yanzu idan sojoji suka koro ɓarayi daga Sabon Birni, da zarar sun tsallaka ɓangaren Gidan Rumji ko dajin Baban Rafi sai a ja birki, domin ƙetarewa da makami ba izini keta hurumin ƙasa ne. Kafin saƙo ya je Abuja, ya wuce Yamai, ya dawo Maraɗi, shanun sun sauya hannu. Sai a fayyace kilomita nawa za a iya shiga, na awa nawa, wane kwamanda ne zai kira wane. A kuma ajiye jami'in tuntuɓa a kowane sansani. Hausa ta ishe su, ba sai an jira tafinta tsakanin Turanci da Faransanci ba.

Sai bindigar da aka kama. Galibi hoto ake ɗauka a nuna wa 'yan jarida, shi ke nan. Alhali lambar jikinta da tambarin gindin kwanson harsashi suna nuna masana'anta da shekarar ƙira. In an yi musayar waɗannan bayanai duk wata, za a gane wadda ta gangaro daga Libiya bayan 2011 da wadda ta sulale daga rumbun gwamnati. Wannan na biyun, a gaskiya, shi ne abin da ɓangarorin biyu ba sa son a tona.

Kada kuma mu ɗora wa maƙwabta komai. Fetur a jarka, abinci, ƙwayoyi da masu tsegunta wa ɓarayi labari, yawancinsu daga garuruwanmu suke fita. Dabbar sata kuma a kara take zama kuɗi. Sarkin shanu da dillalan Illela da Ƙonni da Jibiya sun san tambarin garke fiye da kowane jami'i, saboda haka a ba su kujera a zaman hukumar, a kuma hana cinikin duk saniyar da ta tsallako ba takardar shaida daga kasuwar da ta fito.

Wassalam.
Daga mai nazarin harkokin tsaro, Kaduna.