Wasiƙa zuwa ga ɗana da ke kan hanyar Limbe

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, innarka da ƙannenka duk suna gaishe ka daga nan Maraɗi.

Hotunan lambun Aburi na ƙasar Gana sun iso, kuma na ji daɗi da ka ga wurin da aka buɗe tun 1890 yana nan da manyan itatuwansa. Ban taɓa hana ka son fujer ba, ko da yake tsiro ne da ba ya fure, ba ya 'ya'ya, sai ɗige-ɗigen nan masu launin ƙasa da ke jere a bayan ganye, waɗanda ƙurarsu ce irinsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da gwaggonka ta kawo, wai ka ce idan ka isa lambun Limbe a Kamaru za ka ciro saiwa ka naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ka taho da ita. Kada ka kuskura. Abin da ke cikin lambun hukuma yana da mai shi, kuma fujer mai tsayi irin na itace da kake kwaɗayi yana cikin tsirran da yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta ce ba sa ƙetare iyaka sai da takardar izini. Ka yi tunanin ɗan duwan ya zazzage jakarka a gaban jama'a, ya ɗaga tsumman yana tambayar sunan mahaifinka. Ni da na ƙare ƙuruciyata a aikin gandun daji ina kama masu saran gawo, da wane ido zan dubi mutanen masallacinmu? Tun kana ƙarami hannunka ba ya barin ganye, innarka ce ke tare maka faɗa, amma a bakin iyaka babu innarka.

Ko ka tsallake da shi, tsiron inuwa da laima ba zai kai ƙarshen bazarar Maraɗi ba. Wanda ya rayu kuma shi ne abin tsoro: Salbiniya, fujer na ruwa da ya fito daga Barazil, sai da ya shimfiɗu a kan kogin Senegal har ya toshe magudanan ruwa.

Na san ba ɓarna ce a ranka ba. Ka ɗauki hoto, ka zana, ka tambayi masu kula da lambun, domin sun fi allon suna sani. Ka sa takalmi mai rufi saboda macizai, kuma ka kira innarka ranar Juma'a.

Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Mahaifinka