Samfurin Lincoln ba kwafi ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na ranar Lahadi sai da ya sa na ajiye aikin da ke hannuna, kuma ba don daɗi ba. Har sau biyu mai gabatarwa ya kira ƙaramin samfurin mutum-mutumin tsohon shugaban Amurka Abraham Lincoln "kwafi", ya ma yi dariya wai irin na sayar wa 'yan yawon buɗe ido ne. Haba Malam! Ai an ɗauki uwa an mai da ita 'ya.

Samfurin shi ne farko. Daniel Chester French, maƙerin mutum-mutumin, da yumɓu ya soma, ya yi ƙarami, ya gyara, ya yi wanda ya fi shi girma, ya zuba a filasta a ɗakin aikinsa na Chesterwood da ke jihar Massachusetts. Babban da ke zaune a zauren tunawa da Lincoln a Washington, mai tsayin ƙafa 19, wanda aka buɗe a 1922, 'yan'uwan nan Piccirilli ne suka sassaƙa shi a New York, da farin dutsen jihar Georgia gunduwa 28, suna bin awon samfurin ɗigo bayan ɗigo. To wanne ne kwafin wanne?

Abin ya taɓa ni ne don sana'ata ke nan, yin siffa da yumɓu da zuba filasta. Ina yaron shago, maigidana ya yi wani ɗan kan doki da bai wuce tafin hannu ba, samfurin wani babba da za mu yi. Kwana tara yana dangwalar sa, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, gari ya waye ya buɗe ya matsa nan ya rage can. Wata rana ina shara na tarar ya bushe ya tsage a kan benci. Tunda an riga an ɗaura ƙarafan babban, sai na ɗauka an gama da shi, na watsa shi cikin tarkace. Wallahi da ya doke ni da ya fi mini sauƙi. Zama ya yi ya riƙe kai, can ya ce, "Yaro, idona ka zubar." Babban dokin muka yi ta fama da kunnensa, har aka kai wa mai shi bai zauna yadda maigida ya so ba. Har yau ina ganin shatin babban yatsansa a wuyan ɗan dokin nan.

Ga hannayen Lincoln ma, da mai gabatarwa ya tsallake kamar ba su nan. French ya yi nazarin siffar fuska da hannayen da wani mai sassaƙa, Leonard Volk, ya ɗauka da filasta a jikin Lincoln yana raye a 1860, lokacin da hannun damansa ya kumbura don yawan gaisawa da jama'a, har ya yanko guntun sandar tsintsiya ya riƙe. Hannu ɗaya a dunƙule, ɗaya a sake, a yumɓu aka yanke wannan shawara, domin dutse in ka fasa ba ya komawa. Ko girman ma, ƙafa 10 aka yi niyya da farko, sai aka ga zai ɓace a cikin zauren, aka ƙara.

Don Allah a gyara wannan magana a shiri mai zuwa, yara masu koyon sana'a suna saurarenku.

 

Naku,
Mai sauraronku na kullum